Zango a Kan Ruwa: Tafiyar Shuɗi a Gaɓar Turkiyya da Harshen Matuƙanta

Gabatarwa

Duk Bahaushen da ya ji an ce "marina", ba abin da zai fara faɗo masa a rai sai ramukan rini irin na Ƙofar Mata a Kano, da warin baba, da mutanen da hannuwansu suka rine har gwiwar hannu. Amma a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, da sauran ƙasashen da suka ari kalmar daga gare su, marina tasha ce da aka gina musamman domin ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa, inda jirgi zai shiga da yamma a ɗaure shi, a ɗura masa ruwa da mai, masu shi su kwana, in gari ya waye su kama hanya. Asalin kalmar daga Latinanci ne, inda "mare" ke nufin teku, saboda haka ba ta da wata dangantaka da tamu marinar wadda ta fito daga "rini". Dacewar sauti ce kurum. Sai dai dacewar ta yi armashi, domin tafiyar da za mu duba a wannan maƙala sunanta da Turkanci "Mavi Yolculuk", watau Tafiyar Shuɗi. Ita kanta kalmar "mavi" daga Larabci take, "ma'i", ma'ana mai launin ruwa.

Abin da ake nufi da wannan suna shi ne yawon da mutane ke yi a cikin jirgin katako, yawanci na mako guda, suna bin gaɓar kudu maso yammacin Turkiyya daga Bodrum zuwa Marmaris, zuwa Gocek da Fethiye, har Kash da Antaliya, suna yada zango kowane dare a wani lungu na teku ko a marina. A ganina, wanda ke son ya fahimci wannan al'ada sai ya dubi inda ake kwana, domin nan ne tarihinta yake. Tafiya ce ta zango zango wadda larura ta haifa tun dubban shekaru, marubuta suka raɗa mata suna, 'yan kasuwa suka mai da ita sana'a, kuma kowane mataki na wannan sauyi ya bar alamarsa a cikin harshen da ake yi a jirgin.

Gaɓar da Iskarta

Wannan yanki ba shimfiɗaɗɗen bakin teku ba ne mai rairayi. Duwatsu ne masu daji suka gangaro suka tsoma ƙafa cikin ruwa, suka bar zirin ƙasa dogaye da suka kutsa cikin teku, a tsakaninsu kuwa akwai manyan mashigai irin su Gokova da Hisaronu da na Fethiye, kowanne cike da ƙananan lunguna da tsibirai. Turkawa suna kiran tsinin ƙasa da ya shiga teku "burun", watau hanci, matsattsiyar hanyar ruwa kuwa "bogaz", watau maƙogwaro. Tsinin da ke ƙarshen zirin Datcha, inda kangon tsohon birnin Knidos yake, sunansa Deveboynu, ma'ana Wuyan Raƙumi. Abin lura a nan shi ne, ba safai jirgi ke yin tafiyar sa'o'i uku ko huɗu ba tare da ya tarar da mafaka ba. Daga Bodrum zuwa Knidos bai fi mil ashirin da 'yan kai na teku ba, milin teku kuwa mita 1,852 ne.

Abu na biyu shi ne iska. Daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, iskar da ake kira "meltem" ita ke mulkin wannan teku. Daga arewa ko arewa maso yamma take busowa, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, kuma tana da ɗabi'a sananniya: da safe lafiya lau, wajen azahar ta taso, da la'asar ta tsananta, da dare ta kan lafa. Wannan ɗabi'a ita ta tsara yinin matafiya. Kyaftin mai hankali yakan ɗaga anka tun da asuba fasinjoji suna barci, musamman in zai zagaya Wuyan Raƙumi ko in ya juyo yana fuskantar iska, domin ya isa zango kafin teku ya yamutse. Da hunturu kuwa sai iskar kudu da ake kira "lodos" ta zo da hadari, a janye yawancin jirage zuwa tudu a yi musu gyara. Saboda haka kakar tafiya daga Mayu ce zuwa Oktoba.

Abu na uku, wanda baƙo ba ya lura da shi, shi ne cewa Bahar Rum ba ta cika tana janyewa sosai kamar Tekun Atalantika. Bambancin tsayin ruwa a yini bai taka kara ya karya ba. Wannan ya ba da damar wata irin ɗaurin jirgi da ta zama alamar yankin. Jirgi zai jefa anka daga goshinsa tun yana nesa da gaɓa, sa'an nan ya yi ta ja da baya yana sakin sarƙa, har yaron jirgi ya ɗauki igiya a ƙaramin kwalekwale, ko ya yi iyo da ita, ya ɗaure ta a jikin dutse. Jirgin ya tsaya cik tsakanin anka da igiya, gindinsa na fuskantar ƙasa. Turkawa ba su yi wata kara ba wajen sa wa wannan suna, "kichtan kara" suke cewa, watau gindi ga tudu. Da wannan dabara lungun da ba zai ɗauki jirgi uku masu juyawa a kan anka ba sai ya ɗauki goma a jere.

Zangon Larura

Bin gaɓa da rana a kwana a mafaka da dare ba baƙon abu ba ne a wannan teku. A 1982 wani mai nutso neman soson teku ya ci karo da wani jirgi da ya nutse a Uluburun, kusa da Kash, tun ƙarshen ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Masana suka shafe daga 1984 zuwa 1994 suna tsamo kayansa: kimanin tan 10 na jan ƙarfe, tan guda na kuza, da curin gilashi, da hauren giwa, da haƙorin dorina. Kayan suna nan a gidan tarihin da ke cikin ganuwar Bodrum. Wannan jirgi gaɓa yake bi, irin bin da jiragen shaƙatawa ke yi a yau, a kan hanya guda.

A zamanin Daular Usmaniyya, Piri Reis ya rubuta Kitab-i Bahriye a 1521, ya sake faɗaɗa shi a 1526 domin Sarki Sulaiman. Littafin jagora ne na gaɓoɓin Bahar Rum, mai nuna inda za a jefa anka, da inda duwatsu ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, da iskar da kowace mafaka ke karewa, da inda za a sami ruwan sha. Wanda ya san tarihin fatauci a ƙasar Hausa zai gane wannan irin ilimi nan take, domin shi ne ilimin madugu da jagaba: ina rijiya, ina zango, kwana nawa tsakani. Shi ya sa na zaɓi kalmar "zango" a nan, na bar "tasha". Tasha wurin hawa da sauka ce, zango kuwa wurin kwana ne a tsakiyar tafiya, kuma ma'auni ne na nisanta.

Farkon ƙarni na 20 ya kassara wannan gaɓa. A 1912 Italiya ta kama tsibiran da ke daura da ita, irin su Kos da Simi da Rodos, ba su koma hannun Girka ba sai bayan yarjejeniyar 1947. Tsibirin Meis, wanda bai fi kilomita biyu daga gaɓar Kash ba, ya zama wata ƙasa dabam. Sa'an nan musayar jama'a ta 1923 tsakanin Turkiyya da Girka ta shafi Kiristoci fiye da miliyan ɗaya daga Anatoliya da Musulmi kusan 400,000 daga Girka. Garuruwa irin su Kayakoy kusa da Fethiye suka zama kufai, cinikin da ke tsakanin gaɓa da tsibirai ya yanke. Musulmin da suka zo Bodrum daga tsibirin Kirit sun zo da sanin teku, suka riƙe su da nutson soso. Hanyoyin mota babu na kirki, wasu garuruwan sun fi sauƙin zuwa ta ruwa. A idon mutumin Istanbul na lokacin, Bodrum ƙarshen duniya ce, kuma kalmar "bodrum" a Turkanci tana nufin ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Ɗan Talalar da Ya Ƙi Tafiya

Can aka tura Jawad Shakir, wanda Turkawa ke rubuta sunansa Cevat Şakir Kabaağaçlı. Ɗan babban gida ne, ya yi karatu a Kwalejin Robert ta Istanbul da Jami'ar Oxford. A 1925 ya buga wani rubutu a mujalla game da yadda ake rataye sojojin da suka gudu daga fagen fama, sai Kotun 'Yanci ta sabuwar jamhuriya ta yanke masa ɗaurin talala na shekara uku a Bodrum. Ashe horon gata ne. Ya shiga cikin masunta da masu nutso, ya koyi sana'arsu da maganarsu, ya bi su lungu lungu na mashigin Gokova, ya dasa itatuwa a garin. Da wa'adinsa ya cika sai ya zaɓi zama a Bodrum, bai bar ta ba sai 1947 da ya koma Izmir. Ya ɗauki laƙabin rubutu "Halikarnas Balikchisi", watau Masuncin Halikarnas, domin Halikarnas shi ne tsohon sunan Bodrum, mahaifar Hirodotus marubucin tarihi. Labarin rayuwarsa da ya fitar a 1961 sunansa Mavi Surgun, ma'ana Korar Shuɗi. Ya rasu a 1973, aka binne shi a Bodrum.

A tsakiyar shekarun 1940, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya gayyaci wasu abokansa marubuta, cikinsu har da Sabahattin Eyuboglu, malamin jami'a kuma mai fassara, da ƙanensa Bedri Rahmi, mai zane kuma mawaƙi, suka shiga wani ƙaramin jirgin masunta suka yi yawon gaɓa. Jirgin ba ɗakin kwana, ba makewayi na kirki, a bisa katako ake barci. Guzurinsu cuku da busasshen burodi da ruwa da taba da barasar ƙasar, sauran abinci kuwa abin da aka kamo. Sun ƙudurta ba jarida ba rediyo. Daga 1957 Azra Erhat ta shiga ayarin, ita ce wadda ta fassara Iliyad da Odisi na Homa zuwa Turkanci tare da mawaƙi A. Kadir. Littafinta Mavi Yolculuk na 1962 shi ya kai sunan kunnen jama'a.

Lalle ne a faɗi cewa waɗannan mutane ba hutu kaɗai suka je yi ba, suna da wata aƙida. Ra'ayinsu shi ne wayewar da Turawa ke jingina wa Girka a gaɓar Anatoliya ta tsira, tun da Hirodotus da Talis da wasunsu 'yan wannan gaɓa ne, kuma manomi da masuncin Turkiyya na yau su ne magadan duk al'ummun da suka zauna a ƙasar. Saboda haka kowane zango aji ne: a sauka a kango, a karanta abin da magabata suka rubuta a kansa, a saurari labarin tsoffin ƙauye. Ra'ayin yana da kyau ta fuskar mai da wa talaka martaba. Amma ni dai ina ganin yana da wani gibi, domin ya fi son Girkawan da suka mutu shekara dubu biyu a kan waɗanda aka kwashe a 1923, alhali kufansu na nan a bakin hanyar jirgin. Duk da haka, abin da suka yi darasi ne ga mai nazarin adabi. Ba su gina tasha ko guda ba, ba su ƙera jirgi ba. Suna suka raɗa wa wata hanya da masunta suka daɗe suna bi, sunan ya jawo masu karatu, masu karatu suka jawo kuɗi.

Harshen Cikin Jirgi

Littafin ƙagaggen labari da Masuncin ya fitar a 1946 sunansa Aganta Burina Burinata. Baturken da bai san teku ba ba zai fahimci ko kalma ɗaya a wannan suna ba, domin umurni ne na matuƙa mai asali daga Italiyanci. "Aganta" na nufin riƙe, "burina" kuwa igiya ce da ke ɗame gefen filafili, watau babban ƙyallen da iska ke turawa, domin jirgi ya iya tafiya yana kusan fuskantar iska. Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe.

A 1958 Henry Kahane da Renée Kahane da Andreas Tietze suka wallafa wani babban nazari, The Lingua Franca in the Levant, inda suka bi asalin ɗaruruwan kalmomin teku na Turkanci da suka fito daga Italiyanci da Girkanci. Dalilin aron a fili yake. Turkawa daga tsakiyar Asiya suka zo a kan dawaki, suka tarar da Girkawa da mutanen Fenis da Jenowa sun riga sun mallaki sana'ar teku, kuma a wurinsu aka koya. Saboda haka goshin jirgi "pruva" ne, bayansa "pupa", daɓen sama "guverte", ɗakin kwana "kamara", shugaba "kaptan", yaron jirgi "micho", duk daga Italiyanci. In za a ɗaga anka sai a ce "vira", in za a sauke abu a ce "mayna", in an ce a shirya a ce "alesta". Dandamalin da jirgi ke jingina da shi "iskele" ne, daga "scala", tsani. Daga Girkanci aka sami "poyraz", iskar arewa maso gabas, da "lodos" da muka ambata, da "palamar", igiyar ɗaure jirgi, da kuma "liman". Kada mai karatu ya ruɗe, limamin Turkawa "imam" ne, "liman" kuwa tashar jirgin ruwa ce. Wadda ta fi burge ni ita ce "firtina", hadarin teku, daga "fortuna" ta Italiyanci wadda ke nufin sa'a ko rabo. Matuƙan da suka kira guguwa da sunan rabo sun san abin da suke faɗi.

Amma aron bai cinye kome ba. Teku "deniz" ne, jirgi "gemi", filafili "yelken" daga "yel", iska, kuma waɗannan duk Turkanci ne tsantsa. Anka ma sau da yawa "demir" ake ce mata, ƙarfe kawai, a ce an jefa ƙarfe. Watau manyan sunaye na gida ne, ƙananan sassa da umurnin aiki na aro ne. Haka Hausa ta yi da mota: ta ari sitiyari da birki da giya da taya, amma ta riƙe "tuƙi" daga kwalekwale, ta ɗauki "jirgi" daga kogi ta ɗora shi a kan dogo ta kuma tashe shi sama, ta ƙirƙiri "karen mota" da kanta. Har ila yau abin lura ne cewa gyaran harshen da aka ƙaddamar bayan sauya baƙaƙe a 1928 da kafa Hukumar Harshen Turkanci a 1932 ya fi mai da hankali ga kawar da kalmomin Larabci da Farisanci. Kalmomin teku sun tsira, domin hukuma ba ta iya sauya abin da kyaftin zai daka wa yaronsa tsawa da shi in iska ta taso.

Sunayen jiragen ma haka suke. "Tirhandil", tsohon jirgin masu soso mai tsini gaba da baya, daga Girkanci ne. "Gulet", wanda shi ne jirgin Tafiyar Shuɗi a yau, dangin "goletta" ta Italiyanci ne da "goélette" ta Faransanci. Sabon rukunin aro shi ne na zamanin shaƙatawa, irin su "yat" da ita kanta "marina", ko da yake ana kuma cewa "yat limani".

Lungu da Marina

Abin da ya mai da yawon 'yan boko sana'a abubuwa ne da suka haɗu a shekarun 1980. An buɗe filin jirgin sama na Dalaman a 1981, an yi dokar ƙarfafa yawon buɗe ido a 1982, sa'an nan a 1986 wata annoba ta kashe soson Bahar Rum, ga kuma soson roba ya riga ya karya kasuwa. Masu nutso da 'ya'yansu suka koma jigilar baƙi. Maƙeran jirage na Bodrum da Bozburun suka sauya fasalin gulet, suka faɗaɗa bayansa domin teburin cin abinci da shimfiɗu, suka yanka cikinsa ɗaki ɗaki, kowanne da makewayinsa. A yau gulet na haya yakan ɗauki mutum takwas zuwa goma sha shida, da kyaftin da kuku da yaro ɗaya ko biyu. Gaskiyar magana ita ce yawancinsu da inji suke tafiya, jigon filafili ado ne. Gasar Kofin Bodrum da aka fara a 1989, wadda ake yi a watan Oktoba, an kafa ta ne domin kada ma'aikatan jirage su manta da aiki da iska.

Mai wannan tafiya yana da wuraren kwana iri uku, kuma bambancinsu ya wuce na kuɗi. Na farko shi ne lungu, inda ba kowa sai duwatsu da itatuwa, a ɗaure gindi ga tudu. Ba a biyan kome, amma kyaftin ba ya barci mai nauyi, domin in iska ta juya da dare anka na iya sakin ƙasa. Na biyu shi ne dandamalin katako na mai gidan abinci a ƙaramin ƙauye. Mai gidan zai fito da kansa ya karɓi igiya, ba zai nemi kuɗin kwana ba, amma an san a wurinsa za a ci abincin dare. Wannan ya yi kama da huldar fatake da fatoma, inda masauki kyauta ne amma ciniki ta hannun mai gida yake bi. Tashar gari ta hukuma ma a wannan rukuni take, domin jirgi na jingine ne da titin da mutanen gari ke shan iska, ana jin kiran salla da hayaniyar kasuwa.

Na uku ita ce marina, irin waɗanda ke Yalikavak da Turgutreis da Bodrum da Marmaris da Gocek. Tun jirgi na nesa zai kira ofis ta rediyo, a ba shi lambar gurbi, ma'aikata su fito a ƙaramin kwalekwale mai inji su raka shi. Ba a jefa anka a ciki, domin sarƙoƙi za su sarƙe. Akwai igiya da aka riga aka kafe a ƙarƙashin ruwa, ana ce mata "tonoz", ita za a miƙo a ɗaure a goshi. A bakin kowane gurbi akwai famfo da wutar lantarki, ga wurin wanka, ga gidan mai, ga injin zuƙe ƙazantar jirgi, ga na'urar ɗaga jirgi zuwa tudu, ga masu gadi a ƙofa. Kuɗin kwana gwargwadon girman jirgi ne, kuma yana hawa a tsakiyar kaka. Ba wanda zai musa amfanin marina. Jirgin da ya yi kwana huɗu a lunguna ruwansa ya ƙare, tankin ƙazantarsa ya cika, kuma in an yi hasashen hadari ba inda ya fi ta aminci. Yawancin jiragen haya daga marina ko tashar gari suke tashi ranar Asabar, can kuma suke komawa.

Sai dai akwai abin da marina ta sauya wanda ba a faye faɗi ba. Tsohuwar tasha ƙofar gari ce, wanda ya sauka a cikinta ya zama baƙon mutanen garin, yana bukatar rijiyarsu da burodinsu da labarin da za su ba shi game da iskar gobe. Marina kuwa an kewaye ta, tana da kantunanta da gidajen abincinta, hasashen iska yana cikin wayar hannu. Mutum na iya kwana a marinar Marmaris da ta wata ƙasa dabam bai ga bambanci ba sai a tuta. Masuncin garin ma sau da yawa ba shi da halin biyan gurbi a bakin ruwan da kakansa ya ɗaure jirgi. Azra Erhat da abokanta sun fita ne domin su sadu da mutanen gaɓa, ga shi sana'ar da ta gaji sunan littafinta ta gina katanga tsakanin matafiyi da su.

Lungunan ma ba su tsira ba. A ƙarƙashin ruwansu akwai wata ciyawa da masana ke kira Posidonia oceanica, wadda ba ta tsiro ko'ina a duniya sai a Bahar Rum. Ita ce mahaifar ƙananan kifaye, ita ke riƙe rairayi, kuma 'yan santimita kaɗan take yaɗuwa a shekara. Anka guda da sarƙarta na iya tumɓuke abin da ya yi shekaru da yawa yana girma, lungu guda kuwa na iya karɓar jirage da dama kowane dare har wata biyar. Gwamnatin Turkiyya ta sanya Gokova da Fethiye da Gocek da Dalyan cikin yankunan kariya na musamman a 1988, ta ƙara Datcha da Bozburun da Kekova a 1990. Daga baya aka ɓullo da tsarin "Mavi Kart", Katin Shuɗi, domin a riƙa rubuta lokacin da kowane jirgi ya zubar da ƙazantarsa a wurin da aka tanada. Ga shuɗin ya sake dawowa, wannan karo a takardar hukuma. A nan ne hujjar masu goyon bayan marina ta fi ƙarfi, domin jirgin da ke ɗaure a tonoz ba ya tumɓuke ciyawa, kuma ƙazantarsa ba ta shiga teku. Gobarar dajin da ta ci tuddan Marmaris da Milas a bazarar 2021 ta ƙara nuna cewa itatuwan da ke inuwantar da lungunan ba dawwamammu ba ne.

A mashigin Gocek an hana ɗaure igiya a jikin itace, domin igiyoyi sun yi ta saɓule ɓawon itatuwa suna kashe su, an kafa ƙarafa a jikin duwatsu a madadinsu. Ɗaya daga cikin lungunan wannan mashigi sunansa na da Tashyaka. A 1974, shekara guda kafin rasuwarsa, Bedri Rahmi ya sauka a nan ya zana kifi a jikin wani dutse kusa da wani marmaro. Kifin na nan har yanzu, kuma kyaftin da fasinja duk "Lungun Bedri Rahmi" suke kiran wurin.